Jan Ruwa a Kofin Shayi

Ranar Litinin da ƙarfe shida da rabi na safe, Iklima Ɗahiru ta sauka matakalar siminti da ke bakin gulbi ta karanta ma'aunin ruwa. Santimita 591. Jiya 583 ne. Ta aika lambar ta salula ga Madam Salima, injiniyar da ke kula da dig ɗin da ke kare unguwarsu daga gulbi, sannan ta hau sama don zagayen da take yi kowace safiya.

Tungar Adarawa tana hannun dama na gulbin Isa, a ƙetaren birnin Yamai. Gidaje ne wajen ɗari biyu da talatin, yawancinsu na laka. Mutanenta sun zo ne daga ƙasar Tawa a shekarun fari, suka zauna suna noman salati da kabeji da albasa da zogale, suna kaiwa kasuwar Lazaret. Abin da ya raba su da gulbi shi ne dig, wani dogon tulin jar ƙasa mai tsayin mita uku. Tsohon dig ya fashe a daminar 2020, unguwar ta yi wata biyu tana kwana a azuzuwan lakkol, wato makarantar boko. Da aka gina sabo, aka kafa komitin sa ido na mutum tara. Iklima ce aka ba karatun ma'auni, domin ta yi kolej, kuma ba ta makara.

Abu biyu Madam Salima ta koya musu. Na farko launuka: 530 rawaya, 580 ruwan lemo, 620 ja, wanda ke nufin a kwashe mutane. Na biyu ta nuna musu shi da kofin gilashi. In ruwa na tsattsafowa a gindin dig, a ɗeba a duba. In fari ne tas, a sa ido. In ya fito da launin ƙasa, to dig ɗin ne ruwa ke ci daga ciki, a kira ta nan take.

Matsalar ita ce tiyo. Sabon dig ya raba masu lambu da gulbi. Da rani suka riƙa shimfiɗa tiyon injin ban-ruwa ta kansa, amma saman dig shi ne hanya mafi kyau a unguwar, amalanke da kabu-kabu na bi suna farfasa tiyon. Sai masu lambu suka yi abin da suka ga ya fi sauƙi: suka haƙa dig ɗin, suka binne tiyon ta cikinsa, suka mayar da ƙasa suka daddale. In damina ta zo su toshe bakin. A watan Mayu, ma'aikatan Madam Salima suka bi dig suka tono tiyo goma sha ɗaya. Iklima ce ta riƙe takardar sunayen. Tiyo na goma sha biyu na mahaifinta ne, Malam Ɗahiru. Ya binne shi can ƙasa, ya shuka zogale a kan wurin. Ta sani, ba ta rubuta ba.

Da ta kai lambunsa a wannan safiyar, ta tarar da shi tsugune yana ɗora shayi a kan gawayi. Shekararsa sittin da takwas. A bayansa akwai fangali huɗu na irin albasa da ya yafa sati biyu da suka wuce, sun fito kore shar kamar gashin jariri.

"Baba, ina kwana?"

"Lahiya lau, madam komiti. Yau nawa gulbin naku ya ce?"

"Ɗari biyar da tasa'in da ɗaya."

"To, a gaishe shi."

Ba ta yi dariya ba. Idonta na kan gindin zogalen, inda ƙasa ta yi duhu. Ta matsa ta tsuguna. Ruwa na fitowa daga wani rami da bai fi kaurin babban yatsa ba, yana gangarawa cikin kwarin fangali.

"Baba, ara mini kofi."

"Shayin bai nuna ba."

"Ba shayi zan sha ba."

Ta ɗebi ruwan ta ɗaga kofin sama. Fari ne, ana ganin yatsunta ta ɗaya gefen.

"Kin gani?" in ji shi. "Ruwan sama na shekaranjiya ne ke sauka. Tiyon nan ni na toshe shi da hannuna. Kututturen goriba na sassaƙa, na naɗe da robar taya, na ɗaure da waya. Ko allura ba ta wucewa."

"Ba ta cikin tiyo yake bi ba, Baba. Ta jikinsa yake bi, inda aka taɓa haƙawa."

"Wa ya gaya miki? Waccan mai hular ƙarfe? Ni na san gulbin ga tun ba a haife ta ba. Cikarshi ta gaskiya sai da sanyi, in baƙin ruwa ya taho daga Mali. Wanga jan ruwa na damina baƙo ne, kwana uku ya yi gaba."

"Baƙon ne ya kwantar da mu a lakkol wata biyu."

Ya juya shayin daga buta zuwa kofi, ya mayar, ya sake juyawa. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka.

"Iklima, ki ji ni. In kika faɗa, tone shi za su yi. Rani na tahe. Kin san tiyo nawa amalanke suka kashe mini kafin in binne wanga? Shida. Ni ba ni da wata sana'a. Irin albasan nan, ubana ya ɗauko shi daga Galmi cikin tsumma, shekara arba'in muna ajiye shi. Ki bar ni da wurin ga, zan gyara."

Ta zubar da ruwan ta ajiye kofin. Ƙa'ida ta ce in fari ne a sa ido. Ƙa'idar ba ta ce a ɓoye cewa akwai tiyo ba, amma ba ta tsaya kan wannan ba. Ta gama zagayenta, ta shiga motar haya ta faba-faba zuwa Lazaret inda take da tebur na kayan miya. A saƙon da ta aika da azahar, ta rubuta: babu sabon abu.

Da la'asar aka yi ruwan sama na minti arba'in. Rediyo ya ce an yi wanda ya fi shi ƙarfi a yamma, wajen gulbin Sirba, kuma duk nan zai biyo.

Ranar Talata ma'auni ya nuna 607. Iklima ba ta bi zagayen da ta saba ba, lambun mahaifinta ta nufa kai tsaye.

Ya gyara wurin kamar yadda ya ce. Ya kwaɓa yumɓu da ciyawa irin na ginin rumbu, ya cusa a ramin, ya daddale da gindin taɓarya har ya yi sumul. Ramin jiya ya bushe. Taku biyu daga wurin, ruwa ya ɓullo ta wurare biyu, kowane ya kai kaurin wuyan hannu, yana tafarfasa kamar tukunya, yana tara wani ɗan tudun yashi a bakinsa. Malam Ɗahiru na tsaye da taɓarya a hannu, laka har gwiwa, yana shirin bin su ma.

Ba ta gaishe shi ba. Ta ɗauki kofin ta ɗeba. Ruwan ja ne. Ta riƙe shi kamar minti ɗaya, ƙasa ta kwanta a gindin kofin, kaurin yatsa guda.

"Bari in toshe waɗannan ma," in ji shi. "Yumɓun ne bai isa ba."

Wata murya ta taso daga saman dig. Amadou ne, masunci Bazabarme da ke ɗaure jirginsa a wurin, abokin Malam Ɗahiru na shekara talatin.

"Fofo, sarkin albasa! Sakwara kake daka da sassafe?"

"Tafi can, mai ƙarnin kifi. Ina da aiki."

"Aikin naka ne ya kawo ni. Ɗiyata Iklima, hawo ki gani."

Ta hau. A ɓangaren gulbi, ruwa ya rage kamar kamu uku ya kai saman dig. Amadou ya tsinke ganyen ciyawa ya jefa. Ganyen bai bi gulbi ya gangara ba. Ya zagaya sau uku a wuri ɗaya, sannan ya nutse.

"Gulbi ya samu ƙofa," in ji Amadou. Ya daina wasa. "Ni dai na kwance jirgina daga nan."

Daga inda take tsaye tana ganin unguwar duka: rufin kwano da na zana, hayaƙin masu koko, masallaci, gidanta mai ƙofa shuɗiya inda 'ya'yanta biyu ke shirin karyawa. Duk suna ƙasa da ruwan da ke bayanta. Ta fito da salula.

"Iklima," in ji mahaifinta daga ƙasa. 

Ta kira.

Madam Salima ta iso da ƙarfe takwas saura kwata a bayan kabu-kabu, da takalmin roba da hular ƙarfe. Kafin nan labari ya zaga, mutum sun fi sittin a kan dig, har da mai unguwa. Ta duba ramukan biyu, ta duba yumɓun da aka daddale, ta karɓi kofin daga hannun Iklima ta ɗaga.

"Wa ya toshe ramin farko?"

"Ni ne," in ji Malam Ɗahiru.

"Baba, ba a toshe shi. In ka hana shi nan, sai ya nemi wata hanya, ya fi cin ƙasa." Ta juya ga Iklima. "Wurin nan bai kamata ya yi haka ba. Akwai tiyo a ƙasa?"

Ba a ɓoye ta yi tambayar ba. Kowa ya ji.

"Akwai," in ji Iklima.

"Ba ya cikin takardar Mayu."

"Ba ya ciki."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ran da aka binne shi. Shekara biyu ke nan. Jiya ma na ga ruwan, fari ne lokacin."

Wata mata a kan dig ta tafa hannu. "Lalle! Ashe mai tsaron ce ta bar ƙofa buɗe. Namu aka tone, na ubanta aka bari."

Madam Salima ba ta kula ta ba. Ta ɗauki taɓaryar Malam Ɗahiru ta ja layi a ƙasa, rabin da'ira, daga jikin dig ya zagayo ramukan ya koma jikin dig. Ta ce a jera buhunan yashi a kan layin har tsayin ƙugu. Ruwan zai taru a ciki ya yi nauyi, nauyinsa ya danne wanda ke tasowa, har ya daina fitar da ƙasa. Layin ya haɗa da fangali huɗu na irin albasa.

"Madam," in ji Malam Ɗahiru, "a matso da shi kaɗan. Taku uku kawai."

"Ƙasan nan duk ta yi laushi, Baba. In na matso, buhunan za su nutse."

"To a ba ni lokaci in cire irin."

"Sati biyu gare shi, ba ya dasuwa," in ji Amadou a hankali. "Ka fi ni sani."

Buhunan farko da aka kawo na albasa ne, masu raga. Yashi ya zube ta ramukansu tun kafin a ɗaga. Aka yi asarar rabin awa. Mai unguwa ya sa aka yi shela a lasifikar masallaci, mata suka juye shinkafa da masara a cikin robobi da zannuwa, suka kawo buhunan. Aka yi layi daga tudun yashin da ke bayan makabarta zuwa lambun, buhu na bin hannu. A ɓangaren gulbi, Amadou da masunta biyu suka saukar da tampol mai duwatsu a bakinsa, suka rufe inda ganyen ya nutse. Iklima na cikin masu jerawa. Ba wanda ya yi mata magana in ba miƙo ko karɓi ba.

Malam Ɗahiru bai tafi ba. Ya tsaya har ruwa ya shafe kan irin, sannan ya shiga layi.

Da ƙarfe goma sha ɗaya da rabi da'irar ta kai ƙugu. Ruwan ciki ya hau, tafasar ta ragu. Madam Salima ta ɗeba daga ɗan bakin da ta bar wa ruwan ya riƙa malala. Ja ne har yanzu, amma ana ganin haske ta ciki. Ta hau kan buhunan ta ɗaga murya.

"Wannan mun gan shi da ido. Wanda ba mu gani ba shi ke ba ni tsoro. Gobe ruwa zai wuce 620. In akwai wanda ke da tiyo a cikin dig ɗin nan, ya faɗa yanzu. Ba zan kai sunan kowa ko'ina ba."

Ba wanda ya yi motsi. Wani ya ce ai an tone duka tun Mayu. Mai unguwa ya maimaita tambayar da Hausa, ya sake da Zabarmanci. 

Malam Ɗahiru ya goge hannunsa a riga.

"Hamisu," ya ce, "faɗi naka."

Hamisu maƙwabcinsa ne na lambu, ɗan garinsu, mai shekara hamsin da 'yan kai. "Nawa mi? Ɗahiru, tsufa ne ko zafin albasarka?"

"Ni na ara maka diga. Ƙarƙashin kukar nan yake, ka ɗora tulin taki a kai. Abdulaye kuma nashi na bayan rijiya."

"Allah ya isa tsakanina da kai! Don naka ya nutse sai ka jawo kowa?"

"Gidanka ya fi nawa kusa da dig, Hamisu. Je ka ɗaga takin ka gani."

Aka ɗaga takin. Ƙarƙashinsa ruwa na gudu, ja, ya riga ya yi rami da hannu ke shiga har gwiwa. Na Abdulaye bai fara ba tukuna. Aka raba layi biyu. Buhuna suka ƙare da la'asar, aka koma cika tsofaffin zannuwa ana ƙullewa, har kamiyo, babbar motar kaya, ya iso daga birni da wasu buhuna ɗari biyar.

Ranar Laraba ma'auni ya nuna 622. Aka kwashe mata da yara da tsofaffi zuwa lakkol ɗin da ke kan tudu, azuzuwan nan dai na 2020. Malam Ɗahiru ya ƙi tafiya. Ya kafa butarsa a kan dig yana gadin da'irarsa, yana ɗeban ruwa da kofi duk awa yana dubawa. Ranar Juma'a ruwa ya kai 634, ya tsaya nan kwana biyu. Ranar Lahadi ya sauka zuwa 629. Dig bai fashe ba. Gidaje goma sha huɗu suka faɗi saboda ruwan sama da damshin ƙasa. Ba a rasa rai ba.

A taron komiti na ƙarshen Satumba, mutum huɗu suka nemi a cire Iklima. Ta ce ba ta da ja, abin da ta yi ta yi shi. Mai unguwa ya tambayi wanda zai karɓi ma'auni, kullum shida da rabi, rani da damina. Ba wanda ya ɗaga hannu. Aka bar ta, ba don an yafe ba. A rijiya mata na yin shiru in ta iso. Hamisu ya daina amsa sallamar mahaifinta. Shi kuma mahaifin yana amsa gaisuwarta, amma ya daina ce mata madam komiti.

A Oktoba aka tono tiyo ukun, aka cike ramukan da ƙasar da aka daddale da inji. Masu lambu suka tambayi Madam Salima yadda za su yi da rani. Ta ce ta rubuta takarda tana neman a gina musu kwalbatin siminti a saman dig, inda tiyo zai kwanta amalanke ya bi ta kai. Ta nuna musu kwafin. Ta ce ta rubuta irinta bara ma.

Zuwa tsakiyar Nuwamba amsa ba ta zo ba. Ruwan sama ya ɗauke tun sati biyar. Malam Ɗahiru ya sayi irin albasa na cikin gwangwani a Babbar Kasuwa, ya yafa. Ya ce bai san halinsa ba.

Tiyonsa yanzu ta saman dig yake bi. Iklima ta yanka shi biyu a tsakiya ta sa mahaɗi. Kowace safiya, bayan ta karanta ma'auni, tana tsayawa a wurin. In ta hango amalanke ko kabu-kabu, ta ɗaga hannu, mahaifinta ya kashe inji, ta raba tiyon, a wuce, ta haɗa, ya sake jan igiyar tayar da injin. Ranar Asabar ɗin nan sun yi haka sau goma sha bakwai kafin ƙarfe tara. Fangali biyu kawai suka sha. Teburinta na Lazaret bai buɗe ba sai kusan azahar duk satin.

Tana tsaye tana jiran ruwa ya cika tiyon ne ta lura da gangaren dig ta wajen kukar Hamisu. An baza busasshiyar ciyawa a wani wuri mai faɗin tabarma. Iska ta ɗage gefe ɗaya. Ƙasar da ke ƙarƙashi sabuwa ce, ja, da sawun diga.

Ta duba ƙasa. Mahaifinta ya bar injin yana kallon inda take kallo.

"Ba ni na ara mishi ba wannan karon," ya ce.

"Tun yaushe?"

"Shekaranjiya. Amalanken bulo ya kashe mishi tiyo biyu a sati guda. Kabejinshi ya fara kwanciya."

Ta fito da salula ta riƙe. Gulbi na kan santimita 402, nesa da gindin dig. Damina sai bayan wata bakwai. A cikin lambun Hamisu, matarsa na tsugune tana cire ciyawa, da goyo a bayanta.

Iklima ta nemo lambar Madam Salima ta danna. Salular ta fara ƙara.

"Yi maza ki gama," in ji Malam Ɗahiru, hannunsa a kan makashin inji. "Ga wani amalanke can tahe."